Gida a tudu, jirgi a ruwa: abin da ke ɓoye cikin hayar biyun a haɗe

Tallar ba ta buƙatar dogon bayani, hoton ya isa. Gida ne a bakin ruwa, matakalar katako ta gangara zuwa wani ɗan dandamali, ga jirgi mai filafilai a ɗaure yana rausaya. A ƙasan hoton an rubuta cewa duk wanda ya kama hayar gidan na mako guda, jirgin ma yana hannunsa har ranar da zai tashi. Mai gidan da ya sa wannan talla yana da lissafinsa, kuma ba lissafin wauta ba ne. Jirgin ruwa yana cin kuɗi ko ya motsa ko bai motsa ba. Akwai kuɗin wurin ɗaure shi, akwai inshora, akwai fentin ƙasansa da ake sabuntawa kusan kowace shekara don kada gansakuka da ƙananan halittun ruwa su manne masa, ga igiyoyi da filafilai da rana da gishiri ke ci a hankali. Masu jirage suna da wani ƙiyasi da suke yawan faɗa wa sabon shiga: ka ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgin kowace shekara don ɗawainiyarsa. Shi kuwa mai shi, in ya yi ƙoƙari ƙwarai, 'yan makonni yake hawansa a shekara. To me zai hana a haɗa shi da gidan hutun, gida ya ƙara farin jini, kuɗin haya ya ɗaga, jirgi ya ciyar da kansa?

Abin da zai hana shi ne, gida da jirgi ba dukiya iri ɗaya ba ce, ko da mutum ɗaya ya mallake su, ko da taku ashirin ne tsakaninsu. Gida yana nan inda aka gina shi. Baƙon da bai san komai game da gini ba zai kwana bakwai a ciki ya fita lafiya. Iyakar ɓarnarsa ya fasa gilashi, ya ɓata kujera, ko ya bar famfo a buɗe. Jirgi kuwa, lafiyarsa da ran duk wanda ke cikinsa suna hannun wanda ya riƙe sitiyari. Mai ba da hayar gida wuri ya bayar. Mai ba da hayar jirgi aiki ya damƙa, aikin da sai an koya, ya kuma damƙa shi ga mutumin da bai taɓa gani ba sai a ɗan hotonsa na intanet. Daga nan duk sauran rikicin ya samo asali, domin doka da inshora da hukumar haraji kowannensu idon da yake kallon gida daban, wanda yake kallon jirgi daban.

Ga wanda bai taɓa hawa ba, bari a fayyace abin da ake nufi da "sai an koya". Irin wannan jirgi iska ce ke tura shi, ta hanyar manyan ƙyallaye masu ƙwari da ake ɗaurawa jikin wata doguwar sanda a tsakiyarsa. Ba shi da birki. Ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, iyakarsa ya karkace da kusan digiri 45, don haka mai son zuwa inda iska ke fitowa sai ya yi ta yankan dama da hagu har ya isa. Wannan kaɗai ya isa ya jefa sabon hannu cikin wahala: fita da iska a baya daɗi ne da sauƙi, sai an juyo za a koma gida ake gane ba a iya ba. A ƙasan babban filafilin akwai wata sanda a kwance, wadda idan iska ta zagayo ba shiri takan fyaɗo daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin da zai fasa kan mutum ko ya wurga shi ruwa. A ƙarƙashin jirgin kuma, inda ido ba ya kaiwa, akwai wani nauyayyen fiffike na ƙarfe ko dalma da ke hana shi kifewa, wanda a matsakaicin jirgi yakan nutsa mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ga cikowar teku da janyewarta. A Bahar Rum bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a gaɓar arewa maso yammacin Faransa, wajen Mont Saint-Michel, ruwa yakan hau ya sauka da fiye da mita goma. Inda ka bi da hantsi, da azahar yashi ne.

Girman jirgin ma yana raba maganar gida biyu. Akwai ƙananan kwale-kwale masu filafili ɗaya irin su Sunfish, tsawonsu mita huɗu da 'yan kai, mutum ɗaya ko biyu ke hawa. Kifewa ɗabi'arsu ce, an kuma ƙera su yadda wanda ya iya zai miƙar da su nan take. Haɗarinsu na rai ne fiye da na dukiya, domin ruwa mai sanyi yakan ƙwace wa mutum numfashi a mintin farko ko da gwanin iyo ne. Alƙaluman da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa kowace shekara kusan abu ɗaya suke maimaitawa: yawancin masu mutuwa a jiragen shaƙatawa nutsewa suke yi, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba su sa rigar kariya ba, kuma barasa ce kan gaba cikin sanannun dalilan haɗarin da ke kisa. Mai hutu kuwa ya fi kowa ganin rigar nan a matsayin takura. Sai kuma babban jirgi mai mita goma zuwa sha huɗu, mai ɗakunan kwana da kicin da bayan gida da injin dizal, wanda kuɗinsa kan kai na ƙaramin gida. Yawancin abin da zai biyo baya a kansa ne.

A dokar jiragen ruwa hanya biyu ake ba da jirgi haya, kuma akwai katanga tsakaninsu. Ta farko, ka miƙa jirgin zalla, babu matuƙi babu ma'aikata, ɗan haya ya zama tamkar shi ne mai shi na tsawon kwanakin: shi ke tuƙi ko ya nemo matuƙinsa, shi ke sayen mai, shi ke yanke inda za a je. Ta biyu, ka ba da jirgin da matuƙinsa, ko kai da kanka ka tuƙa. Nan kuma an bar hayar kaya an shiga jigilar fasinja. Amurka ta zana wannan katanga ƙarara, musamman tun dokar kare lafiyar fasinjojin jiragen ruwa ta 1993. A can wanda zai ɗauki fasinja don kuɗi dole ya mallaki lasisin kyaftin. Mafi ƙanƙantarsa shi ne mai ba da damar ɗaukar mutum shida, kuma kafin a ba ka shi sai ka nuna shaidar kwana 360 a kan ruwa, ka ci jarrabawa, ka wuce gwajin lafiya da na ƙwaya. Fiye da shida, sai jirgin kansa ya samu takardar shaidar bincike, wadda da wuya jirgin shaƙatawa na gida ya cika sharuɗɗanta. A hayar jirgi zalla iyaka fasinja 12 ne, kuma sai ta zama zalla da gaske. Idan mai jirgi ya ce "na ba ka, amma wane ne zai tuƙa, ni zan biya shi", ko shi kansa ya hau ya riƙe sitiyari, sunan da aka rubuta a saman yarjejeniya ba zai hana hukuma kiran abin jigilar fasinja ba bisa ƙa'ida ba.

Nan ne dabarar da masu gidaje da yawa ke ganin ta fisshe su take rushewa. Sukan ce ai ba jirgi muka ba da haya ba, gida muka bayar, jirgin gyara ne. Ko kuma: ni da kaina zan fita da baƙi yawon la'asar, ban karɓi ko sisi ba. Dokar ta riga ta hango wannan. A wurinta fasinja mai biya shi ne wanda aka ba da wani abin amfani a matsayin sharaɗin ɗaukarsa, ko amfanin ya isa hannun mai jirgi kai tsaye ko a kaikaice. Abin da ta ware kawai shi ne abokan tafiya su haɗa kuɗin mai da guzuri bisa raɗin kansu. To idan hoton jirgi ne a kan tallar, idan ba mai hawansa sai wanda ya biya kuɗin gidan, idan kuma gidan ya fi na maƙwabta tsada saboda shi, da wane baki za a ce kyauta ne? Lauyan wanda ya ji rauni ba abin da zai fara bugawa ya kai kotu sai tallar nan.

A Turai kowace ƙasa da salonta, har abin yakan ba da mamaki. A Birtaniya mutum yana iya tuƙa jirginsa na shaƙatawa a teku ba tare da lasisi ba, amma ranar da jirgin ya fara kawo kuɗi ya zama na kasuwanci, sai an duba shi an ba shi shaida bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa wa ƙananan jirage 'yan ƙasa da mita 24: rigunan kariya, kwale-kwalen gaggawa mai hura kansa, kayan kashe gobara, har da nisan da aka yarda ya yi daga mafaka. Faransa ba ta neman lasisi a hannun mai tuƙa jirgin filafilai a teku, sai mai jirgin inji. Kuroshiya kuwa, wadda tana cikin manyan kasuwannin wannan haya a duniya, ba ta wasa: sai matuƙi ya nuna lasisin da ta amince da shi, sai kuma an samu mai shaidar iya aiki da rediyon jirgi a cikin tawagar. Girka tana neman matuƙi mai takarda da mataimakin da shi ma ya san aikin. A ƙasashen biyu, jirgin da ke da rajistar amfanin kai ba a ba da shi haya haka kawai, sai an mayar da shi na kasuwanci a takarda. Takardar matuƙi ma, a faɗi gaskiya, shaida ce cewa mutum ya taɓa zama a aji ya kuma yi mako guda a ruwa. Ba ta gaya maka ko shekara bakwai rabonsa da igiya.

Inshora ce wurin da mutane suka fi yaudarar kansu, domin kowa yana ganin yana da ita. Mai gidan yana da ta gida, yana da ta jirgi, shafin da yake talla a kai ma ya yi alƙawarin kariya. Ya ɗauka in ɗaya ta kuskure ɗaya za ta kama. Sau da yawa ukun ne suke kuskurewa tare. Tsarin inshorar gida da aka fi amfani da shi a Amurka yana ɗaukar alhakin ƙaramin jirgin filafilai ɗan ƙasa da ƙafa 26, wato kusan mita takwas, amma ya zare hannunsa daga duk jirgin da aka bayar haya ko aka ɗauki mutane a ciki don kuɗi. Inshorar jirgin shaƙatawa kuma an sayar da ita ne bisa sharaɗin amfanin kai da iyali da abokai, haya ba ta ciki sai an nemi ƙari an biya. Kariyar da shafukan hayar gidaje irin su Airbnb da Vrbo ke bayarwa don masauki aka tsara ta, mai hankali ba zai ɗauka ta bi baƙo har tsakiyar ruwa ba sai ya ga haka a rubuce. Shafukan hayar jirage irin su Boatsetter da Click&Boat sun taso ne don haɗa masu jirage da 'yan haya, wasunsu har da inshorar da ke aiki tsawon hayar, amma hayar da aka ƙulla ta hannunsu kaɗai. Wanda ya miƙa mabuɗin jirgi tare da na ƙofa bai bi ta can ba. Abin takaicin, ba a gane ramin sai ranar da aka faɗa. Kamfanin inshora zai karɓi kuɗinka shekara goma bai tambaye ka komai ba. Tambayarsa ta farko bayan haɗari ita ce wa ke tuƙi, kuma me ya kawo shi cikin jirgin.

Wasu sukan dogara da takardar da baƙo ke sa wa hannu cewa ya yafe duk abin da ya same shi. Tana da amfaninta, ko ba komai ta nuna an gargaɗe shi. Sai dai a Birtaniya doka ta hana ɗan kasuwa wanke kansa da irin wannan takarda daga mutuwa ko raunin da sakacinsa ya jawo, kuma ko'ina ba ta ɗaure wanda bai sa hannu ba, kamar mai iyon da aka buge ko mai jirgin da aka yi karo da shi. Kotunan Amurka kuma suna aiki da ƙa'idar cewa wanda ya damƙa abu mai haɗari a hannun mutumin da ya sani, ko ya kamata ya sani, bai iya ba, shi ma yana da laifi. Rashin tambaya ba mafaka ba ne.

Akwai wata tsohuwar dokar Amurka ta 1851 da ke ba mai jirgi damar taƙaita diyyar da zai biya zuwa darajar jirgin bayan haɗarin, wanda in ya nutse kusan babu ke nan. Masu Titanic sun fake da ita bayan 1912, kuma kotuna sun yarda ta shafi jiragen shaƙatawa. Da jirgin masu nutso mai suna Conception ya kama wuta a gaɓar Kalifoniya a watan Satumba na 2019, mutum 34 suka mutu, masu shi sun garzaya kotu da ita cikin 'yan kwanaki, fushin da hakan ya tayar ya sa majalisa ta fitar da wasu ƙananan jiragen fasinja daga inuwarta a 2022. Ko inda take aiki ma, sharaɗinta shi ne abin ya faru ba da sani ko hannun mai jirgi ba. Kamfani mai jirage ɗari yana iya cewa bai san abin da wani kyaftin ya aikata ba. Mutumin da jirginsa ɗaya ne, shi ke gyara shi, shi ya miƙa mabuɗi da hannunsa, me zai ce bai sani ba?

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓarnar da ba a gani. Idan baƙo ya fasa tagar gida, mai shara zai gani ranar da ya zo. Idan ya daki dutse da fiffiken ƙasan jirgi, jirgin zai dawo tsaf babu ko ƙwarzane a saman ruwa, kuma baƙon yana da babban dalilin yin shiru tunda kuɗin ajiyarsa na hannunka. A watan Mayu na 2014 wani jirgin filafilai mai suna Cheeki Rafiki, mai tsawon kusan mita 12, yana komawa Ingila daga tsibirin Antigua, fiffiken ƙasansa ya cire a tsakiyar tekun Atlantika ya kife. 'Yan Birtaniya huɗu da ke ciki ba a ƙara ganinsu ba. Masu binciken haɗarin sun nuna cewa jirgin ya taɓa dukan ƙasa a baya, kuma mai yiwuwa wannan da gyare-gyaren da suka biyo baya sun raunana wurin da fiffiken ya haɗu da gangar jirgin. Wannan fa jirgi ne da ke hannun kamfani. Shi ya sa kamfanonin haya da yawa suke tura mai nutso ya duba ƙasan jirgi da an dawo da shi, kafin a mayar wa ɗan haya kuɗinsa. Mai gidan hutu da ke zaune a wani gari, wanda ya bar mabuɗi a akwati mai lambar sirri a bakin ƙofa, wa zai yi masa wannan? Hayar gidan hutu ta zamani an gina ta ne a kan rashin haɗuwa: baƙo ya zo, ya buɗe, ya kwana, ya tafi, ba a ga juna ba. Hayar jirgi kuwa ba ta yiwuwa sai an haɗu. Awa ɗaya ko biyu ake yi ana zagayawa da ɗan haya, ga famfon fitar da ruwa, ga inda ake rufe gas, ga yadda ake rage filafili in iska ta yi ƙarfi, ga duwatsun da ke bakin mashigi. A wannan zagaye ne gogaggen ma'aikaci ke gane wanda ya iya da wanda ya cika baki, tun daga yadda mutum ya kama igiya.

Haɗa su a farashi ɗaya yana da wani sakamakon a Tarayyar Turai. Dokar tafiye-tafiyen haɗaka ta 2015, wadda ta fara aiki a watan Yuli na 2018, ta ce ɗan kasuwar da ya dunƙule masauki da wata hidimar yawon buɗe ido ya sayar, idan hidimar ta kai kashi 25 cikin 100 na darajar cinikin ko aka tallata ta a matsayin jigon tafiyar, ya zama mai shirya tafiya. Shi ke da alhakin kowane ɓangare ya gudana yadda aka alƙawarta, sai kuma ya tanadi kariyar kuɗin abokan cinikinsa ko da zai karye. Idan injin jirgi ya lalace ranar Litinin, "a yi haƙuri" ba za ta raba gardama ba. Haraji kuma kowace ƙasa da nata. A Amurka, alal misali, wanda ya ba da hayar gidan da shi ma yake amfani da shi, idan hayar ba ta kai kwana 15 a shekara ba, ba ya biyan haraji a kan kuɗin, kuma jirgin da ke da wurin kwana da girki da bayan gida ana lissafa shi gida; da an wuce haka sai a shiga rarrabe kwanakin mai shi da na 'yan haya. Tashar da jirgin ke ɗaure ma tana da tata yarjejeniya, da yawa sun hana kasuwanci daga wurin da aka kama don amfanin kai.

To ko kuɗin ya kai wahalar? Sana'ar ba sabuwa ba ce. Kamfanin The Moorings ya fara a tsibirin Tortola na yankin Karibiyan a 1969 da jirage shida, kuma irinsa sun daɗe da tsarin da mutum zai sayi jirgi ya damƙa musu na wasu shekaru, su yi haya da shi, su ɗauki ɗawainiya, su ba shi kaso da 'yan makonnin hawa. Waɗanda suka shiga sun san abin da suka sarayar: jirgin da ya yi shekara biyar a hannun 'yan haya ya girmi shekarunsa. Kakar aikin ma gajeriya ce. A Karibiyan lokacin mahaukaciyar guguwa yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kamfanonin inshora kan gindaya inda jirgi zai kasance a watannin. Guguwar Irma ta Satumban 2017 ta jibge jirage rututu a kan juna a Paraquita, mafakar da ake ɓoye su a Tortola. A ƙasashen sanyi kuma jirgi yakan yi rabin shekara a tudu. Makonnin da 'yan haya suka fi so su ne dai waɗanda mai jirgi ya saye shi dominsu. In aka cire inshorar kasuwanci, kayan kariyar da doka ta wajabta, ladan wanda zai miƙa jirgi ya karɓa, da saurin lalacewar kaya, sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Ainihin ribar, in akwai, a gidan take fitowa, wato ƙarin makonnin da aka kama shi saboda hoton nan. Abin da ke jan mai gida ke nan, kuma shi ne dai yake rushe hujjarsa ta cewa jirgin kyauta ne.

A ganina taura biyu ba ta taunuwa a nan. Wanda ya nace sai ya yi, gara ya raba su: gida da yarjejeniyarsa, jirgi da tasa, inshora daban, a kuma rubuta a tallar cewa kama gida ba ya ba da haƙƙin jirgi sai an cika sharuɗɗa. Rabawar ba ta sauke kowane nauyi, amma tana sa kowa ya san abin da ya ɗauka. Baƙon da bai iya tuƙi ba a haɗa shi da kyaftin mai lasisi, a bi dokar jigilar fasinja yadda take. Mafi sauƙi ma a bar jirgin a hannun kamfanin haya na yankin, a gaya wa baƙi inda za su same shi. Ƙaramin kwale-kwale kuma, in za a bar shi, sai kamfanin inshora ya amince a rubuce, ga rigunan kariya na manya da na yara, ga iyakar inda za a kai a zane a taswira.

Sharaɗin da ya fi sauran wuyar rubutawa shi ne na wa ke da ikon cewa yau ba a fita. Mutumin da ya biya kuɗin mako guda, ya yi doguwar tafiya da iyalinsa, ya wayi gari rana ta fito sarai, ba zai yarda cewa iskar da hasashe ya ce za ta taso da azahar ta isa ta zaunar da shi ba. A tekun Ejiyan na Girka iskar meltemi ta Yuli da Agusta tana kaɗawa ne sararin sama garau babu ko gajimare, takan kai mataki na 7 ko 8 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, ta yi kwanaki ba ta kwanta ba. A gaɓar Kuroshiya iskar bura takan gangaro daga duwatsu ba sallama. Mai gida kuma yana da nasa tsoron: baƙon da aka hana jirgi kwana uku zai koma ya ba shi tauraro biyu a shafi, ya rubuta cewa an yaudare shi, rubutun ya zauna a ƙarƙashin hoton gidan shekara da shekaru. Duk matsin da ke kan mutanen biyu wuri ɗaya yake tura su, cikin ruwa. Ga kuma sarƙaƙiyar doka, domin a hayar jirgi zalla yawan sa baki daga mai jirgi kan zama hujjar cewa bai saki iko ba. Mafitar da kamfanonin haya suka samo ita ce su sa iyakar a takarda tun kafin a biya kuɗi: ƙarfin iskar da in ta kai shi ba a barin tasha, yankin da ba a wucewa, hana tafiyar dare. Mai gidan da zai kwaikwaye su sai ya ƙara abu ɗaya da su ba su cika yi ba, ya mayar wa baƙo kuɗin jirgi na duk ranar da iska ta hana fita, don kada zaman tudu ya zama asara a idonsa. Hakan kuwa ba zai yiwu ba sai jirgin yana da farashinsa na kowace rana, a rubuce, daban da na gida.